Talatin ga Fabrairu

Ƙarfe tara na safe, yana cikin duba kurakuran rubutu a maɗaba'ar kawunsa, idonsa na hagu ya ɗauke kamar an kashe fitila. Ba ciwo, ba ja.

"Kawu, bari in je asibiti."

"Idon da ko hawaye bai yi ba? Gama aikin mutane tukuna, sarkin lalaci."

Sai la'asar ya ga likita. Ta ce gudan jini ne ya toshe babbar jijiyar da ke shayar da idon, kuma da ya zo da safe da wataƙila an ceto shi. Yanzu kam idon ya tafi.

Bayan wata biyu ya koma aiki. Kawu ya miƙo masa samfurin kalandar wani kamfani da za a buga dubu ashirin. Ya duba a tsanake, ya ga an ba Fabrairu kwana talatin. Ya sa hannu.

Ranar da kamfanin ya dawo da kalandun, Kawu ya daki tebur.

"Kai makaho ne?"

"Ido ɗaya dai, Kawu. Fabrairun kuwa a hagu take."