Shugabannin Kulob Suna Gaishe Ka

Shekara ta biyu ke nan ina zaune gidan ɗana Namadi a Kaura Namoda, tun da 'yan bindiga sunka raba mu da gonakinmu na Kurya Madaro. Mutumin da ya saba fita da fartanya tun da asuba, in aka zaunar da shi a tabarma, ba abin da ya rage mishi sai sa ido. Inda idona ya fi sauka kuwa shi ne wasan ƙwallon da Namadi ke yi a talabijin in ya dawo daga aikinsa na kafinta.

Ba irin ƙwallon gidan kallo ba ce. Wata baƙar na'ura ce ake jonawa da talabijin, ta ba ka kulob ka riƙe a matsayin koci. Kai ke zaɓen wanda zai buga, kai ke zaunar da wanda ya gaji, akwai kuma shugabanni bisa kanka masu aiko da takarda. In kulob ya lalace a hannunka su kore ka, duk abin da ka gina ya tafi. Namadi ya ɗauki wani ƙaramin kulob na ƙasar Turawa. Sunansa ba ya zama a bakina, ni dai Masu Koren Riga nake ce musu. Wata takwas yana fama da su. Ya fito da su daga ƙaramin rukuni, amma bana sun maƙale kusa da gindin tebur, inda ake zubar da ukun ƙarshe.

Na sha gaya mishi cewa laifinsa ne. Shekara talatin ina jan gayya a ƙauyenmu, mutum arba'in kan shiga gona bisa maganata su fito ba a bar kunya ɗaya ba. Shi mutum goma sha ɗaya sun gagare shi.

Ranar da zai tafi Shinkafi aikin rufin wasu ɗakuna na mako uku, na sake maimaita mishi. Ya rataya jakar kayan aikinsa, yana murmushi.

"To Baba, ga su nan. A duba mini su kafin in dawo."

"Na karɓa," na ce.

Abin da aka damƙa wa mutum a bakin ƙofa amana ne, ko da murmushi aka damƙa shi. Haka na tarar ana yi, haka kuma na koya wa 'ya'yana da sanda.

Sai dai na'urar Turanci take yi, ni kuwa ajami na sani. Dole ta sa na nemi matar Namadi, Zuhura, malamar firamare. Yarinya ce mai tarbiyya. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa kallon tsakiyar idona ba, ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da ni ba. Bayan la'asar, tun batirin sola yana da ƙarfi, ta zo ta durƙusa bakin ƙofar falo, rabin jikinta bayan labule, abin dannawa a hannunta.

"Baba, da an bari ya dawo, ai su..."

"Ba a barin ma'aikata zaune tsakiyar aiki, Malama. Kunna."

"To, Baba."

Abu na farko, na ce ta karanto mini shekarun kowa. Nan na ga ɓarna. Akwai wani dattijo mai sanƙo, shekara talatin da bakwai, ɗan baya, Namadi ya jefar da shi a benci. Ƙyallen kyaftin kuwa yana damtsen wani yaro ɗan ashirin da biyu, mai aski kamar zakara. A gayya babba ke ɗaukar kunyar farko, yara su bi bayansa suna kallon yadda yake ɗaga hannu. Na ce a ciro ƙyallen a ɗaura wa Mai Sanƙo. Na ce a jero mini goma sha ɗaya mafiya shekaru, su ne za su shiga fili, yara su zauna su koyi ladabi.

Labulen ya ɗan motsa.

"Akwai magana ne?"

"Babu, Baba."

Ba mu iya buga wasan da hannu yadda Namadi ke yi, sai ta danna inda na'ura ke bugawa da kanta, mu kalla. Aka ci mu uku ba ko ɗaya. Mai Sanƙo yana gudu kamar wanda ke ɗauke da tulu. Na ce ba komai, ƙafar da ta daɗe a zaune sai ta saki.

Takarda ta faɗo a gefen talabijin.

"Me sunka ce?"

Ta bi takardar da ido sau biyu. "Shugabannin kulob suna gaishe ka, Baba. Sun ce a ƙara ƙoƙari."

"Ina amsawa. Mutanen kirki."

Washegari aka ci mu biyu. Rana ta uku huɗu da ɗaya. Golanmu, wani mai furfura a gemu, sai ƙwallo ta wuce sannan ya faɗi, kamar yana raka ta. Na yi musu faɗa har muryata ta dushe. Na ce wa Mai Sanƙo ko jakin da ya tsufa ya san hanyar gida, shi kuwa bai san inda ragarsa take ba. Kullum kuma takarda na zuwa, kullum shugabanni suna gaishe ni. Wata rana takardar daga yaron nan mai askin zakara ta fito.

"Shi kuma fa?"

"Ya ce a riƙa tunawa da shi, Baba."

"Kin ji ladabi ya fara shiga. A ƙara mishi mako guda a benci."

Akwai wani zane a saman talabijin, da kore ne, ya koma ruwan ɗorawa, ya koma ja. Na tambaye ta ma'anarsa. Ta ce alama ce ta shugabanni sun sa ido a kaina sosai. Na ji daɗin wannan. Shugaban da ba ya sa ido ba shugaba ba ne.

A rana ta tara ƙanwata Asta ta zo daga Zurmi. Ita ce aka sa boko a gidanmu, ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, kuma tun tana goye bakinta ba ya da marfi. Ta tarar da mu an gama cin mu biyu da ɗaya, sabuwar takarda ta faɗo.

"Yaya, kai ne da wasan yara? Ashe tsufa ya kai nan."

"Amana ce. Zauna ki ga yadda ake jan mutane. Malama, me sunka ce?"

"Suna gaishe ka, Baba."

Asta ta ciro tabarau daga jaka ta matsa kusa da talabijin. Ta karanta, ta waiwaya ta dubi labule, ta sake karantawa.

"Yaya, wa ke gaishe ka?"

"Shugabanni."

"A nan dai an rubuta cewa haƙurinsu ya ƙare. Sun ce abin da kake yi abin kunya ne ga kulob da magoya bayansa. Wasa uku ya rage, in kulob ya faɗa ƙaramin rukuni, ka kwashe tabarmarka."

"Ƙarya kike yi."

"Ni da tabarau? Ke Zuhura, buɗe mini na baya."

Aka buɗe. Asta ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana karantawa da ƙarfi kamar mai shela a kasuwar Moriki. Babu gaisuwa ko ɗaya. Ta farko gargaɗi ce, ta biyu gargaɗi mai zafi. Yaron da na ce ladabi ya shige shi, cewa ya yi an wulaƙanta shi, a sayar da shi ko ina ne, ba zai ƙara zama ƙarƙashin kocin da bai san ƙwallo ba.

"Ni ne ban san ƙwallo ba?"

"Shi ya faɗa, Yaya. Ni dai na yarda da shi."

Na juya wajen ƙofa. "Malama, kwana tara kina ba ni zuma, ashe barkono ne a kwanon?"

Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa. "Baba, da wane baki zan ce maka an ce ka yi abin kunya?"

Gaskiyarta ce. Da ta faɗa mini ranar farko, da na ce Namadi ya auro marar kunya. Na san haka, ita ma ta sani, Asta ma ta sani, don dariya take yi har tana share ido da gefen mayafi.

"Kun dace," in ji Asta. "Shi ba a faɗa mishi, ke ba ki faɗa. Allah ya jiƙan Masu Koren Riga."

Na ce ta yi mini shiru. Na ce wa Zuhura daga yau na ɗauke mata kunyar takarda, abin da aka rubuta shi za ta faɗa, in zagi ne ta kawo shi da zafinsa. Sannan na tambaye ta, in ita ce, wa za ta sa a fili.

"Baba ya fi ni sani."

"Ban fi ki ba. An rubuta, an kuma karanta a gaban ƙanwata. Faɗi."

Sai ga magana tana zuba daga bayan labule kamar an fasa randa. A fitar da gola, a sa mai lamba goma sha uku. 'Yan baya huɗu sun yi nauyi, a sa yara biyu a gefe masu gudu. Mai askin zakara ya koma gaba, a mayar mishi da ƙyallensa ko ransa ya sauko. Mai Sanƙo kuwa ya buga wasa tara a jere, ƙarfinsa ya ƙare tun a na uku, akwai ma'auninsa a gefen sunansa, kullum tana gani. Ashe duk wata takwas ɗin nan tana tankaɗe tana kallo.

Zaunar da Mai Sanƙo ya yi mini ciwo. Na ce a bar shi ko rabin wasa ne, don kada ya ji an yar da shi. Asta ta ce hoto ne, ba ya ji. Na ce ita ma ba ta ji, ga ta nan tana yawo. A ƙarshe dai na ɗaga hannu aka zaunar da shi.

Munka ci wasan farko biyu da ɗaya. Yaron nan mai askin zakara ne ya ci duka biyun, ya ruga yana zamiya da gwiwa, ko kallon benci bai yi ba. Asta ta koma Zurmi da safe, ta ce in aiko mata da labarin jana'iza. Wasa na biyu munka yi kunnen doki. Na uku dole sai mun ci.

Har kusan tashi ɗaya da ɗaya ake. Aka ba mu fenariti. Na miƙe tsaye ban sani ba. Yaron ya ja da baya, ya taho, ya ɗaga ƙwallon sama da raga, can inda ko tsuntsu sai ya yi niyya. Alƙali ya busa.

Takarda ta faɗo. Babu Asta. Na koma na zauna.

"Karanta, Malama. Yadda take."

Ta yi gyaran murya sau biyu. "Sun ce kulob ya faɗa ƙaramin rukuni. Sun ce sun sallame ka daga yau, Baba. Sun ce kada ka zo filin atisaye gobe."

"Babu gaisuwa?"

"Babu."

Na tambaye ta ko akwai yadda za a koma baya, zuwa inda Namadi ya bari. Ta ce na'urar tana rubuta kowane wasa a kan na jiya, na jiyan ya shafe.

Kwana tara na yi ina jiran Namadi, ina shirya magana ina rushewa. Ban taɓa tsayawa gaban ɗan da na haifa in ce na ɓata ba. Na yi tunanin in bar Zuhura ta gaya mishi, na ga wannan aikin ragwaye ne.

Ya dawo ranar Alhamis da hantsi, fuska duk ƙura, yatsa ɗaya a naɗe da tsumma. Na bari ya yi wanka ya ci tuwo. Sannan na kira shi falo, ya durƙusa.

"Abin da ka ba ni, ya lalace a hannuna. Na sa tsofaffi, na zaunar da yara. Kulob ya faɗi, an kore mu."

Ya dubi talabijin, a kashe take. Ya daɗe yana kallonta.

"Ba komai, Baba. Ai wasa ne."

Raina ya ɓaci fiye da ranar da aka ci mu huɗu.

"Kai ma? Gidan nan babu mai iya gaya mini gaskiya sai an ɗauko Asta a mota daga Zurmi? Wata takwas kana dawowa da gajiya kana zama gaban abin nan, ka ce mini ba komai? Faɗi abin da ke ranka. Umarni ne."

Ya sunkuyar da kai yana murza tsumman yatsansa.

"Baba, yaron nan da ka zaunar, tun yana ɗan sha shida na ɗauko shi, shekara shida ke nan a lissafin na'urar. Ni na raine shi." Ya ɗago kai. "Kuma na'urar nan in an kashe ta, babu abin da ke motsi a ciki. Ba sa gajiya, ba sa jira. Da ba a taɓa ta ba, yadda na bar su haka zan tarar da su. Wasa nake yi da na ce a duba mini."

A tsakar gida na ji tankaɗen Zuhura ya tsaya.

"Ya yi maka ciwo?"

"Ya yi, Baba."

"To ka yafe mini."

Na zauna ina jira, ban ce ya yi sauri ba.