Angarib ɗin Hajja Juwairiyya

A wani ƙauyen Hausawa kusa da garin Hajj Abdalla akwai lungu ɗaya da gidaje uku ke fita ta cikinsa. Salihu na dama, Muntari na hagu, can ƙurya inda lungun ya tuƙe kuma gidan Hajja Juwairiyya ne, tsohuwar da mijinta ya rasu ya bar ta da 'yarta Ramla. Ita da 'yar ba su da wata mafita sai lungun nan. Ta nan karo, amalanken ruwa, ke shigowa, jaki na jan ganga har tsakar gidanta.

Rigimar ta faro ne daga ranar da Muntari ya sayi raksha, keken nan mai ƙafa uku. Bai gama iya tuƙi ba ya kwashe kusurwar katangar Salihu. Maimakon ya ba da haƙuri, sai ya ce katangar ce ta shigo hanya. Salihu kuwa sai ya kira magini ya yi dakalin jan bulo a jikin katangar, wai wurin shan iska. Shi kuwa Muntari ya fara kwanar da raksha a bakin titi, ya ciro shingen awakinsa ya tura shi cikin lungu, daidai saitin dakalin. Lungu ya zama kamar wuyan tulu.

Dattawan unguwa suka zauna a kai. Salihu ya ce kakansa ya yanki hanyar daga filinsa, Muntari ya ce ai nasa kakan ne. Aka sha jabana, wato gahawa, aka yi fatiha, aka watse. Babu wanda ya tuna da ta ƙurya. Mai karo ya zo ya duba, ya ce jakinsa zai wuce amma ganga ba za ta wuce ba. Tun daga ranar Ramla ke jido ruwa a jarka daga bakin titi, har bayanta ya fara ciwo.

Hajja ta yi ta kallo. Ta san su tun suna tsumma, ta san in ta roƙi Salihu zai ce sai Muntari ya fara, in ta roƙi Muntari haka. Roƙo ba zai motsa bulo ba.

Ranar wata Juma'a, ana saukowa daga masallaci, ta aika wa kowannensu daban: ya zo ya kama mata angarib, gadonta na katako da igiya, a fitar da shi bakin titi. Ta kuma kira wasu maƙwabta biyu. Salihu da Muntari suka yi kiciɓis a tsakar gidanta, kowa ya kau da kai.

"Kai Salihu, kama ƙafar gaba ta ɓangaren gidanka. Muntari, kama ta ɓangaren naka."

Suna sunkuyawa ta hau gadon ta miƙe, ta ja tob ɗinta, dogon mayafin nan, ta rufe har wuya.

"Inna Hajja, mene ne haka?" in ji Salihu.

"Ku ɗaga har kafaɗa. Ran da na mutu ku za ku fitar da ni bisa gadon ga, ta lungun ga. Ina so in ga hanyata tun ina da ido."

"Subhanallahi! Inna, wannan ai mugun fata ne," in ji Muntari.

"Mugun fata shi ne a bar ni ina kumbura a ɗaki kuna gardamar kakanni. Yalla, ku ɗaga!"

Wa zai yi musu da matar da ta goya shi? Suka ɗaga. Hajja kuwa ba ƙaramar mace ba ce, Allah Ya yi mata jiki. Suka fito ƙofa, suka miƙi lungu, mutanen da ke dawowa daga masallaci suka tsaya cirko-cirko, wasu har sun fara salati kafin ta ɗago hannu ta gaishe su.

Suna isa matsatsin, tafiya ta tsaya. Gwiwar Salihu ta daki dakalinsa, ƙayar shingen Muntari ta kama jallabiyarsa ta Juma'a ta keta ta har ƙugu. Gaba ta ƙi, na baya kuma suna turowa.

"Mu ɗan karkata shi," in ji Muntari yana haki.

"Ka karkata? Haka za ka yi da gawata, ka zazzage ni gaban awakinka su cinye likkafanin?"

Dariya ta ɓarke a lungu. Salihu ya ce, "To Inna, sauko mu wuce da gadon tukuna."

"Kai ka taɓa ganin mamaci ya sauko ya taka? Yau ni matacciya ce. Ku yi dabara."

Ta rufe ido abinta. Rana na dukan su, gumi na zuba, katako na cin kafaɗa. Wani daga cikin masu kallo ya ce, "Salihu, ga wurin shan iska nan, zauna mana ka huta!" Wani ya ce wa Muntari akuyarsa na tauna bakin rigarsa, kuma gaskiya ne.

Salihu ya dubi Muntari. Rabon da su haɗa ido tun ranar kusurwa. Fuskokinsu kusa da kusa, nauyi ɗaya a kansu, babu mai iya saki ba tare da ya kayar da tsohuwa ba.

"Wallahi kafaɗata ta mutu," in ji Salihu a hankali.

"Tawa ta riga taka. Halas, ya isa."

Ba wanda zai iya cewa wa ya fara. Salihu ya ce a miƙo diga, Muntari ya ce a zo a karɓe shi. Mutum biyu suka tura kafaɗa suka karɓi gadon. Salihu ya shiga fasa dakalinsa da hannunsa, Muntari na tumɓuke turakun shinge yana korar awaki ciki. Da ya gama, ya je ya ɗauko tsohuwar tayar raksha ya ɗaure a kusurwar da ya kwashe, ya ce gobe zai kawo siminti. Salihu ya ce ya bari sai ya iya tuƙi, kada a yi gyara biyu.

Sannan suka koma suka karɓi ƙafafun gadon, aka fito da Hajja har bakin titi, ba abin da ya taɓa gadon ta dama ko ta hagu. Ta sauko, ta gyara tob, ta dubi lungun sama da ƙasa.

"Kwayis, ya yi kyau. Yanzu ina iya mutuwa, amma ba na sauri."

Mai karo na tsaye gindin bishiyar bedi yana kallon ikon Allah. Ta yafuto shi, ta ce ya shiga ya cika mata randuna duka, Ramla ta huta.

"Inna, gadon fa? A ina za a ajiye?" in ji Muntari.

"Ku mayar da shi inda kuka ɗauko. Ku dai bi bayan jakin, kada ku tsorata shi."