Kayata

Karo na uku ke nan Adunni tana zama a kan jakar bakko don zif ya rufu, karo na uku yana ɓallewa. Turmi ya ƙi shiga buhu, murafai sun fi tukwanen yawa. Shekara talatin tana sayar da robobi a kasuwar Azare, yau 'yarta Morayo ta turo mota daga Ibadan a kwashe ta.

Ta kasa kayan gida biyu, na rabarwa a bakin ƙofa, na tafiya a gindin darbejiya. Kwali ɗaya ta fi lallaɓawa, wanda ta ninke babbar rigar marigayi mijinta a ciki, ta ranar aurensu. Har yau in ta kai hanci wuyan rigar, sai ta ji kamar yanzu zai yi gyaran murya a bayanta. Ta ɗauki gawayi ta rubuta a jikin kwalin: KAYATA. Haka take faɗa tun zuwanta garin, ba wanda ya taɓa gyara mata.

Maƙwabciyarta Hadiza ta shigo da matan layi, wai taya aiki. Adunni ta shiga ɗaki kwance labule da fanka. Da ta fito, babu kwali.

"Hadiza, ina kwali? Na rubuta kayata."

"Au, kayata ne? Ni kyauta na karanta, Maman Morayo. Gawayin naki ya ɗan goge." Matan suka rufe baki da mayafi, kafaɗu na rawa. "Kuma ai kayana ake cewa. Shekara talatin ba ki iya ba?"

"Shekara talatin ba ki gaya mini ba."

"Ba ki tambaya ba. Maigidana Alhaji dai ya riga ya saka rigar, yanzu ya fita, ɗaurin aure za shi Chinade. Ko a tuɓe shi a titi?"

Direba ya danna oda, ya ce hanyar da nisa. Adunni ta hau gaba, ba ta yi wa kowa sallama ba.

A bakin tasha wani babur ya gifta su. Alhaji Maikuɗi ne a baya, mijin Hadiza, iska ta cika rigar tana kaɗa ta. Ya ɗaga mata hannu yana murmushi, aikin zaren wuyan na walƙiya a rana.

"Kayana," ta ce a hankali.

Direba ya rage gudu. "Mama, an yi mantuwa ne?"

Ta bi babur ɗin da ido har ya sha kwana.

"Mu je."