Ƙuri'ar Kilishi

Shekara shida Dokta Sabiru ya yi yana shugabantar cibiyar koyon sana'o'i ta wata jami'a a bayan garin Daura, kuma a shekara shidan nan bai ga ɗalibi ko ɗaya da ya riƙe sana'ar da aka koya masa ba. Doka ce, ba mai karɓar digiri sai ya bi ta cibiyar. Don haka suke zuwa, su haɗa sabulun da ba ya kumfa, su ɗinka rigar da hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, su karɓi makinsu su kama gabansu. Abin yana ci masa rai ƙwarai, domin shi bawan Allahn nan ya yarda da aikinsa har zuci.

Ga kuma rigimar kowace shekara: kowa kwamfuta yake so, kwamfutocin kuwa goma sha biyu ne, huɗu sun daɗe da mutuwa. Sai Dokta ya kawo dabarar da ya jiyo a wani taro a Abuja. Ya rubuta sana'o'in a 'yan takardu, ya zuba a kwano, kowa ya sa hannu ya ɗauki rabonsa. Karatu ya mantar da shi cewa a ƙasar nan sana'a gida gare ta, akwai wadda ake gado, akwai wadda ɗan wani gidan ba ya taɓawa.

Yazid, ɗan ajin ƙarshe, Bafulatanin Mashi wanda kakanninsa kaf makiyaya ne, ya buɗe tasa takardar ya ga an rubuta kilishi. Aji ya ɗauki dariya. Mati, mahaucin da aka ɗauko daga kasuwa don ya koyar, ya ja Dokta gefe.

"Ranka ya daɗe, ɗan Fulani da wuƙar fawa? A sake masa wata mana."

"Ƙuri'a ƙuri'a ce, Malam Mati. In na sake wa ɗaya, sai na sake wa ɗari."

To, abin mamaki, cikin wata biyu Yazid ya fi kowa. Mutumin da ya tashi cikin shanu, kallo ɗaya yake yi wa cinya ya san ta tsohuwar saniya ce ko ta ɗan maraƙi. Yana fere nama siriri har kana hango rana ta cikinsa, ya shanya, ya tsoma a labu, wato kwaɓin ƙuli da yaji, wanda shi da kansa ya gyara haɗinsa har Mati ya ɗanɗana ya girgiza kai. Ya sa a leda mai ɗauke da sunansa. Direbobi suka fara kai masa Katsina, har daga Damagaram ake bugo masa waya.

Dokta ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya ɗauki hoton Yazid riƙe da wuƙa a gaban shanyar nama, ya watsa a waya, kowa ya ga abin da cibiya ta haifa.

Hoton bai tsaya ko'ina ba sai Baure, a hannun Alhaji Badaru, mahaifin Zulfa, wadda aka sa musu rana da Yazid bayan babbar salla. Kwana biyu tsakani Alhaji ya aika Mashi cewa a dakata da maganar aure.

Da Yazid ya kawo labarin ofis, idonsa jawur, Dokta ya ji kunya ta rufe shi. Shi ya kawo kwanon, shi ya ƙi jin maganar Mati, shi ya watsa hoton. Ranar Asabar da hantsi ya sa yaron a mota suka nufi Baure. Da suka kusa, Yazid ya juyo ya dube shi.

"Dokta, duk yadda ka ga ya dace ka faɗa. Ni dai kar in rasa ta."

Yazid ya tsaya a mota, domin ba ya iya zama gaban suruki. Dokta ya shiga zaure shi kaɗai. Ya zo da hujjojinsa a shirye, amma bayan gaisuwa da ruwan sanyi, Alhaji Badaru ya riga shi, cikin murya mai taushi.

"Dokta, ban ce haram ba ne. Tun da Shari'a ta dawo ba wa'azin da ban zauna ba, na san mahauci da ɗan sarki ɗaya suke a wurin Allah. Yaron ma ina son shi. Amma Zulfa na da ƙanne mata uku. In aka ce yayarsu gidan fawa ta tafi, wa zai ƙara tako ƙofar nan? Mutanenmu ka san su." Ya gyara zama. "Tambaya ɗaya gare ni. Abin nan sana'a ce ya kama, ko aikin makaranta ne da zai ajiye in ya ci jarabawa? Kai ne malaminsa. Abin da ka faɗa shi zan riƙe."

Dokta ya dubi Alhaji. Da a ce dattijon mugu ne, da ya ji daɗin yi masa gardama. Amma uba ne kawai mai tsoron 'ya'yansa su tsufa a gida. Ya kuma san duk abin da ya fito daga bakinsa a zauren nan ya zama alkawari, Yazid ne zai cika shi.

"Aikin makaranta ne, Alhaji. Ƙuri'a ce ta faɗa kansa, ni na tilasta shi. Maki yake nema kawai."

"Alhamdu lillahi," in ji Alhaji, fuskarsa ta washe. "A gaya wa mutanen Mashi rana tana nan."

Da Dokta ya koma mota ya faɗa wa Yazid komai, bai rage ko kalma ba. Yazid ya rufe fuska da tafukansa yana hamdala. Can kuma ya tuna wani abu.

"Akwai kayan mutanen Damagaram na ranar Laraba."

"Ka bar wa Mati."

Suka fita gari, suka hau titin Daura. Sun yi nisa kafin Yazid ya sake magana, bai ɗago kai ba.

"Amma dai na iya, ko, Dokta?"

"Ka iya," in ji Dokta. "Wallahi ka iya. Kai kaɗai ne ka taɓa iyawa."