Kwando Uku na Tumatir

Wata biyu ke nan da Malama ta ɗaura ɗamarar rage kuɗin cefane a gidanta. Albashinta na koyarwa bai ƙaru ba, abin da mijinta ke samu a tuƙin motar kaya ma yana nan yadda yake, amma duk ranar da ta shiga kasuwa sai ta tarar kaya sun ƙara tsada. Da ta ga abinci yana ƙare musu tun ashirin ga wata, sai ta zauna ta yi wa kanta tsari.

Ta daina fita kasuwa da ka. Kowace Asabar da safe takan buɗe kabad ɗin kicin ta leƙa kowace roba ta ga abin da ya rage, ta tsara girkin kwana bakwai, sannan ta rubuta abin da babu a bayan tsohuwar takardar jarrabawa. Ba ta fita sai ta ci ta ƙoshi, don ta lura in ta shiga kasuwa da yunwa, har abin da ba ta ci sai ya yi mata kyau a ido. 'Yan biyunta mata kuwa ta daina tafiya da su, domin su kaɗai sun isa su sa kuɗin nama ya tafi a biskit da alewa. Masu rumfunan bakin ƙofa ma ta daina tsayawa wurinsu. Takan kutsa can ciki, bayan masu sayar da tukwane, inda ake samun sauƙi saboda ba kowa ke jure tafiyar ba. Shinkafa da wake da man girki, su da ba sa lalacewa, su take saye da yawa sau ɗaya a wata. Kayan miya kuwa na kwana uku-uku.

Tsarin ya fara kama ƙasa. A watan da ya wuce, har aka ga sabon albashi akwai sauran shinkafa a buhu, abin da ta manta rabonta da gani.

Matsalarta guda ce, kuma a ɗaki ɗaya suke kwana. Mijinta, wanda kowa ke kira Direba, mutumin kirki ne, ba ya shan taba, ba ya yawon banza, in ya tashi aiki gida yake nufa. Sai dai da zarar ya ji an ce abu ya yi arha, to hankalinsa ya bar jikinsa. Shi ya taɓa shigo mata da katan ɗin sabulun da ko an kwana ana cuɗawa ba ya kumfa. Shi ya kawo rabin buhun waken da ƙwari suka riga su ci. Bayan waken nan ta zaunar da shi, ya yi mata alkawari da bakinsa cewa ba zai ƙara shigo da komai ba sai abin da ke rubuce a takardarta.

Ranar wata Alhamis ta dawo daga makaranta wajen ƙarfe huɗu, rungume da takardun jarrabawar aji biyu da shugabar makaranta ke jiran sakamakonsu da safe. Tun daga ƙofar falo ta ji wani wari mai tsami-tsami. Direba ya fito daga kicin yana washe baki, yana goge hannu a wando.

"Sannu da zuwa, Malama! Ajiye kayan nan ki zo ki ga abin da Allah ya kawo mana."

Ba ta ajiye ba. Ta leƙa kicin ɗin da takardun a ƙirjinta. Kwanduna uku ne manya, kowanne ya kai mata ƙugu, sun cinye wurin har babu inda mutum zai taka ya isa ga famfo. Ruwa ja yana tsatsafowa daga gindin na tsakiya yana bin siminti.

"Baban 'yan biyu, mene ne wannan?"

"Tumatir mana."

"Na ga tumatir ne, ai ban makance ba. Gidan abinci za mu buɗe?"

Ya yi dariya, don shi har lokacin yabo yake jira. Ya ce wata babbar mota ce ta lalace a hanyar da yake bi, kwananta biyu a gefen titi, mai kayan ya rasa yadda zai yi. Kuɗin kwando ɗaya Direba ya miƙa, aka ba shi uku. "Wallahi mutane har faɗa suke yi a kai. Da ban yi da gaske ba, ko ɗaya ba zan samu ba. Wata uku ba ki ƙara sayen tumatir."

"Wata uku? A ina zai zauna wata ukun? Firij ɗinmu da ko kankana sai an raba ta biyu take shiga?" Sai kuma wani tunani ya faɗo mata. "Tsaya tukuna. Da wane kuɗin ka saya?"

Direba ya sosa ƙeya, ya kalli saman kabad. Nan take ajiye gwangwanin da ta ware kuɗin gas da na galan ɗin mai na wannan watan. Ashe da rana ya dawo gida ya ɗauka ya koma.

"Ai duk cefane ne," in ji shi, muryarsa ta yi ƙasa.

Malama ta ajiye takardun a kan tebur a hankali, don ta san in ba ta ajiye ba jifansa za ta yi da su. Wata biyu tana taka ƙafa har ƙarshen kasuwa cikin rana, tana ja-in-ja da masu albasa a kan ɗan canji, tana hana 'ya'yanta biskit suna kallonta kamar muguwa, ga shi mutum ɗaya ya zo ya share komai a yini ɗaya, kuma yana tsaye yana jiran a ce masa sannu da ƙoƙari.

"Ka yi mini alkawari," ta ce.

"Alkawarin ai a kan wake ne."

"A kan komai ne!"

Da ya ga abin ya juya, sai ya ɗaure fuska, ya ɗauki makullinsa ya ce mutum ba ya taɓa yin daidai a gidan nan, shi zai je ya wanke mota. Ta riga shi isa ƙofa.

"Babu inda za ka. Motar ta kwana da dauɗarta. Kai ka kawo, da kai za a yi."

Hayaniyar ce ta jawo maƙwabciyarsu, wata dattijuwar tela da ke da shago a gaban gidan. Ta shigo da tef ɗin awo rataye a wuya, ta leƙa kicin, ta dafa ƙofa ta yi ta dariya har da hawaye.

"Yaya, ke dariya ma kike yi?" in ji Malama, ita kuwa kamar ta fashe da kuka.

"Yi haƙuri, ƙanwata. Ƙanina, kai kuma da ka saya, ka duba ƙasan kwandon?"

"Na duba sama, duk masu kyau ne."

"To, sama ai don irinku ake jera shi. Jawo mu gani."

Aka ja kwandunan zuwa tsakar gida, aka shimfiɗa buhuna. Tela ta ce a kasa uku: masu tauri gefe guda, a yanka a shanya, waɗanda suka yi laushi a markaɗa a dafa yau ɗin nan, ruɓaɓɓu kuma a zubar. Direba ya zauna a kan kujera 'yar tsugune, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, ya fara tsinta. Jerin farko jajaye ne masu sheƙi, har ya ɗago ɗaya ya nuna wa matarsa. Ba ta kalle shi ba. Da aka kai tsakiya, yatsa ya fara nutsewa. Da aka kai ƙasa kuwa, babu abin tsinta, sai kwasa da kwano. Ƙudaje suka taru kamar an aika musu. 'Yan biyu suka leƙo daga ɗaki, suka toshe hanci suka koma.

Sau uku Direba yana ɗaukar bokiti zuwa bola.

Shi ya kai masu laushin wurin mai injin markaɗe, bokiti biyu, ya biya daga aljihunsa, ya dawo rigarsa duk ta yi ja. Malama ta ɗora babbar tukunya a kan gas. Tela ta ce a bar shi ya yi ta tafasa har ruwan ya ƙone ya yi kauri, sannan a zuba a kwalaben da aka wanke da ruwan zafi, a ɗan zuba mai a sama ya rufe shi, haka zai jima bai lalace ba. Malama ta jawo kujera kusa da tukunyar, ludayi a hannun hagu, jan biro a dama, takardu a cinya, wai ta yi maki tana juyawa. Takarda ta huɗu take dubawa tukunyar ta yi tsartuwa, ta ɗiga wa wani yaro jan tabo a kan amsarsa. Ta goge da gefen mayafi, tabon ya ƙara faɗi.

Ba a yi rabin awa ba wutar ta yi ƙasa, ta yi rawa, ta mutu. Malama ta murɗa, ta sake murɗawa, ta girgiza tukunyar gas ɗin. Babu komai a ciki. Ta juya ta kalli mijinta, shi kuma ya kalli ƙasa.

"Ka ga abin da aka ware kuɗin nan dominsa ke nan," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba, ƙarfin yin hakan ya ƙare mata.

Tela ta koma gidanta ta kawo murhun gawayi da ɗan abin da ya rage mata a leda. Aka fito da tukunya waje. Direba ya durƙusa yana fifita da murfin roba, hayaƙi na shigar masa ido. Tela na yanka masu taurin tana yi masa faɗa, irin na babbar ya.

"Sayen sari ba laifi ba ne, ƙanina, in an san inda za a kai kayan. Gida huɗu ne a nan. Da ka ɗaga waya tun kana wurin, da kwando ɗaya za mu ce ka ɗauko, a juye shi a gabanka ka ga ƙasansa, mu raba mu huɗu, kowa ya ba ka nasa. Yanzu dubi. Kusan rabi yana bola, ga kuɗin markaɗe, ga gawayi, ga yinin matarka. Ina arhar take?"

"Na ji, Yaya."

"Ba ji ba, ka riƙe."

Tela ta sayi roba ɗaya na masu taurin don ta rage musu asara. Matar mai gyaran wuta da ke ɗakin ƙarshe ita ma ta karɓi roba ɗaya, amma sai da ta taya shi da rabin kuɗin kasuwa, tunda ta ga a matse suke. Malama ta miƙa mata.

Duk wahalar nan kwalba bakwai ta bayar, da faranti biyar na yankakke da aka jera a kan rufin ɗakin ajiya. Takardun kuwa ko kashi ɗaya cikin huɗu ba ta duba ba.

Da safe ta tsaya a ofishin shugabar makaranta hannu a baya kamar ɗaliba. Shekararta goma sha ɗaya tana koyarwa ba ta taɓa makara da sakamako ba. Shugabar ta sauke tabarau, ta kalli takardar sama mai jan tabo, ta kalli yatsun Malama da har lokacin ba su washe ba.

"Lafiya dai a gidan?"

"Lafiya lau, ranki ya daɗe. Wani aiki ne ya taso."

"To, Litinin da sassafe. Kada a sake."

Ta fito daga ofishin. Da wane baki za ta ce tumatir ne ya hana ta aikinta?

Ranar Asabar ta buɗe kabad kamar kullum, ta rubuta takardarta, sai dai a wannan karon sai da ta soke rabin abin da ta rubuta. Tana ɗaura mayafi Direba ya shigo ya ajiye mata wasu 'yan kuɗi a kan tebur. Ya ce na abincin ranarsa ne na mako biyu, zai riƙa tafiya da na gida a kula. Ya ce kuma ya sa lambar Yaya Tela a wayarsa.

"A sa gas da su," ya ce.

Ta ɗauka ta saka a jaka. Ta san ya ji kunya, ta kuma san abincin da zai riƙa tafiya da shi daga buhunta zai fito, ita ce kuma za ta tashi da wuri ta dafa. Ta buɗe baki za ta faɗa, ta ga yadda ya tsaya a raɓe jikin ƙofa, sai ta fasa.

"Ka hau ka juya na shanyar nan kafin rana ta yi zafi," ta ce. "In ka ga mai fari-fari a jiki, ka cire shi kada ya shafi sauran."

A kasuwa ta wuce masu tumatir ba ta ko waiwaya ba, suna ta kiranta. Ta kutsa har rumfar mai man girkin da ta saba saye a wurinsa. Yana hango ta ya jawo galan ya fara goge masa ƙura.

"Malama, sannu da zuwa. Ga naki nan na ajiye miki."

Ta zaro ƙaramar kwalba daga jaka ta miƙa masa.

"A'a, yau kuma kwalba? Ke da kike ce mini sayen kaɗan-kaɗan shi ke cinye kuɗi?"

"Har yanzu haka na ce. Zuba kawai."

Ya zuba, ta biya, ta gyara riƙon jakarta ta nufi layin masu albasa.