Ɗan Farin Safara'u

Safara'u na cikin sheƙar ɗan geron da fari ya rage musu, sai 'yarta Mairo ta miƙo mata waya. "Inna, saƙon murya ne daga Yaya Uwaisu."

Uwaisu shi ne ɗanta na fari. Da gona ta kasa ci da gidan, ya bi wani ɗan Tsanyawa zuwa ƙasar Ayilan, yana aikin kula da tsofaffi, shekara uku ke nan. Muryarsa ta fito a shaƙe. Yana asibiti, gobe za a yi masa aiki a ciki. Ya ce wata tsohuwa da yake yi wa hidima kullum sai ta sa an kawo ta, ta riƙe hannunsa tana kiransa da yarensu.

"Na tambayi ma'anar, aka ce wai 'ɗana' take cewa. Inna, shekarata talatin da biyu ban taɓa jin haka a bakinki ba. Ko sau ɗaya ne, kafin gobe."

Kan Safara'u ya ɗaure tamau. Wace uwa ce mai kunya za ta buɗe baki ta kira ɗan fari? Ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, "wancan" take cewa. Ranar da kakarsa ta ɗauke shi yaye, bayan rumbu ta laɓe ta yi kukanta. Cinyar kazar da take aika masa a ɓoye duk Sallah, ashe bai gane ba?

"Ita wannan tsohuwar ba ta da nata 'ya'yan ne?"

"Oho," in ji Mairo. "Danna nan ki riƙe, ki yi magana."

Maƙwabciyarta Luba na daka a gefe, kunnuwa a miƙe. Safara'u ta danna.

"Kai, Allah ya sawwaƙe. Ka riƙa cin abinci." Ta juya ta fuskanci katanga. "Uwaisu. Ɗana."

Mairo ta duba wayar. "Inna, ai tun a cin abinci kika saki yatsa. Haka ya tafi."

Safara'u ta goge hannu a zani, ta karɓi wayar.

"Ke Luba, ajiye taɓaryar nan, kada ta hana shi ji."

Ta danna da manyan yatsunta duka biyu.