Layukan Bayan Ɗan Tayi

Shekara biyu Malama ta yi tana bin diddigin ƙwayar gado guda ɗaya, wadda ke sa jiki ya haɗa sinadarin da ke liƙa sukari a kan furotin. So take ta gano sa'ar da ƙwayar ke fara aiki a cikin ƙwan kifi. Sau uku ta yi gwajin. Biyu suka nuna sa'a ta goma sha shida bayan kifi ya saka ƙwan, na ukun ya kafe a kan ashirin. Farfesan da ke duba aikinta kuwa ba ya ɓoye-ɓoye: in ba su daidaita kafin Litinin ba, ta sake daga farko. Ga hutun karatun da aka ba ta a wurin aiki saura wata guda.

Ranar Alhamis da hantsi ta sauka ɗakin kifi, ba don komai ba sai don ta sami inda za ta yi tagumi ba a gan ta ba. Baba Mai Kifi na goge tanki. Shi ke kula da kifayen, shi kuma ya kwashe mata ƙwai cikin kwalabe a lokutan da ta tsara.

"'Yata, wannan fuska fa? Ko kifayena sun ɓata miki rai?"

Ta zayyane masa. Ya goge hannu a rigar aiki.

"Na ukun nan, ba shi ne na makon da robar ƙofar akwatin ɗumama ƙwai ta saki ba?"

Ya jawo wani littafi da danshi ya kumbura, ya buɗe. Ashe kafin ya zuba kowane rukunin ƙwai a kwalba, sai ya duba su a madubin ƙara girma, ya ƙirga 'yan layukan da ke fitowa a bayan ɗan tayi, ya rubuta da fensir. Ba wanda ya sa shi.

"Ke agogo kike bi, su kuma ɗumi suke bi. In suka ji sanyi, sai su yi nawa. Duba nan. Sa'a ashirin, layi sha huɗu. Koma baya. Sa'a sha shida, layi sha huɗu. Ai sa'o'in juna ne."

"Baba, me ya hana ka faɗa mini?"

"Na faɗa. Kika ce to Baba, idonki na kan kwamfuta."

Kunya ta rufe ta, don ta tuna. Ta rungumi littafin ta hau sama, ta sake jera sakamakon bisa layuka maimakon sa'o'i. Gwaje-gwajen uku suka hau kan juna daram. Ta daɗe tana kallon allon kwamfuta, godiya ta cika mata zuciya har ta rasa ta inda za ta fara.

Da ta dawo da littafin ta ce, "Baba, Allah ya saka da alheri. Ka ceci shekara biyuna. Sunanka zai fito a takardar nan tare da nawa."

Ya karɓa yana shafa bangon. "Shekara talatin ina cika irinsa. Ke ce farkon wadda ta fita da shi daga ɗakin nan."

Ta jawo kujera gaban madubin. "To koya mini."

Ya saka mata ƙwai ɗaya. Ta ƙura ido, ta ce sha uku.

"Sake ƙirgawa, 'yata. Kin tsallake na kusa da kai."